Tukunyar da Na Zubo a Bawku

A gidan makoki tukunyar ta fashe, kuma abin da ya ɗaure mini hannu ke nan. Da a gidan biki ne ko na suna, wallahi da sai na tsaya a ƙofarsu na tara musu jama'a har sun biya ni. Amma a zangonmu, unguwar Hausawan Yendi, abin da aka zo ara domin mamaci ba a hana shi, in ya lalace kuma ba a biyansa. Mata biyu suka turo mini ita a baro, da goro ƙunshe cikin ganye, suka durƙusa suka ce in yi haƙuri. Wai wata yarinya ce ta bar ta kan wuta babu komai a ciki har gindinta ya yi ja, sannan ta sheƙa mata ruwan randa. Na karɓi goron, na ce Allah ya jiƙan malam. Sai da suka fita na zaga bayan ɗaki na zagi yarinyar da uwarta da kakarta, ni kaɗai, har muryata ta dushe.

Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, irin ta dā, wadda in yaro ya zauna a ciki sai dai ka ga hularsa. Ta kakata ce. A Salaga aka haife ni, kuma ruwan rijiyoyin Salaga ta fara dafawa tun kafin a san za a yi ni. Da aka kawo ni Yendi aure, a saman lori aka ɗaure ta. Duk wankan jegon da aka yi a zuriyarmu ita ta dafa ruwansa, har da nawa.

Ranar da ta fashe kuwa akwai mai jego a ɗakina. 'Yata ce, ta fari, kuma ita kaɗai ta rayu cikin waɗanda na haifa. A Bawku take aure, ta zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta sami namiji, an yi suna bai daɗe ba. Mijinta ya yi abin da ake so miji ya yi: ya sauke mana itacen wanka har ya kai tsayin katanga, sannan ya bi motar albasa ya yi kudu, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Gidanmu tsofaffin Hausawa ne masu riƙo da kunyar ɗan fari. Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in ina maganarta da wani in ce "waccan". Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, ban taɓa yabonta ba, ranar da aka kai ta ɗakin miji ma ina bakin murhu ina dama koko kamar 'yar maƙwabta aka aurar. Bisa ƙa'ida ba ni ya kamata in yi mata wanka ba. To, uwata ta rasu, mijina ya rasu, dangina suna Salaga kowa yana ta kansa. Sai wankan ya faɗo hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, na yi murna. Ina sonta kamar raina, ban da wannan ruwan zafi ba ni da wata hanyar da zan nuna mata.

Safe da yamma nake cika tukunyar, in hura wuta har ruwan ya riƙa tsalle. In juye a babban baho, in tsoma damin ganyen darbejiya, in riƙa fyaɗa mata a jiki tana cije leɓe. Daga nan kunun kanwa mai kauri, sannan ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Duk macen zango ta san dalili: in sanyi ya shigi mai jego kafin arba'in, kumbura za ta yi, daga kumburi kuma sai kabari.

Tun kafin tukunyar ta fashe ƙafafunta sun fara tashi. In na danna yatsa a ƙaurinta sai ramin ya zauna. Ga tari, ga haki in ta ɗan taka zuwa bayan gida. Tsofaffin unguwa suka zo suka duba, bakinsu ya zo ɗaya: sanyi ne, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Na ƙara. Ina cikin ƙarawar ne aka zo aron tukunya, na bayar a kan za a dawo da ita kafin wankan yamma.

Shekarar yunwa ce, farkon shekarun tamanin, wadda ruwa ya ƙi sauka kuma wuta ta cinye daji da gonaki. Mutane sun rame har ƙashin wuyansu ya fito kamar sarƙa. Soja sun sa farashin kontorol, wato ƙayyadadden farashin gwamnati, a kan komai, sai 'yan kasuwa suka ɓoye kaya, shaguna suka zama wayam. A irin wannan lokaci ne ni kuma nake neman babbar tukunya.

Babu abin da ban gwada ba. Na jera tukwanen kokona a murhu, don koko da ƙosai nake sayarwa a bakin tasha, amma kafin ta ƙarshe ta tafasa ta farko ta huce, ruwan ya zama na wankan jariri. Na kai fasasshiyar wurin maƙeri, ya juya ta ya ƙwanƙwasa, ya ce irin wannan ƙarfe ba ya karɓar liƙi. Na sayi rabin duro a hannun wani makanike da ya rantse mini man gyaɗa ne ya zauna a ciki. Da ruwan ya yi zafi sai wani wari ya tashi har jaririn ya riƙa atishawa, na kifar. Na bi gidajen da na san suna da manyan tukwane, wasu sun sayar sun sayi masara, wasu kuma da suka ji abin da ya sami tawa sai suka ce tasu tana wurin aro. Na aika Salaga ta hannun wani direba, amsa ta dawo cewa ta gidan wana ma ta tafi tun da azumi. Wani mai shago ya ja ni can ƙurya ya buɗe mini buhu, ga sabuwa dal, ya faɗi kuɗinta a kunnena. Na tambaye shi ko har da shagon da matarsa zai haɗa mini.

Maƙwabciyata 'yar Dagomba ce mai sayar da kayan miya, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta zo mini da shawara biyu.

"Mma, masu pito na bayan kasuwa yana da tukunya babba paa. Na yi magana, ya ce zai ba ki aro."

Na ce mata ko mutuwa za a yi, ba za a wanke uwar jikana da tukunyar giya ba. Na faɗa da ƙarfi don a ji ni ta katanga.

"To, sai Bawku. Masu zubi yana can bayan kasuwan dabbobi. Ki kai silba naki, ya narke, ya zuba miki sabo. Kuɗin aiki kawai."

Silba muke ce wa farin ƙarfen nan mara nauyi na tukwane da farantai. Na shiga ɗaki na tsaya ina kallon kayana. Yarinyar tana zaune ta jingina da bango, don ta kai ba ta iya kwanciya sosai sai numfashi ya sarƙe ta. Fuskarta ta cika, idanunta sun ƙanƙance. Na ɗauko buhu na fara zubawa: tukwanen koko, ludaya, farantan ƙosai, tiren aurena, kofuna, har butar alwalar marigayi mijina.

Ta ce, "Mma, da me za ki yi sana'a?"

Na ce, "Ke, ina ruwanki? Ki sha kununki."

Na damƙa ta a hannun maƙwabciyata, na nuna mata inda kanwa take, na ce ko da tukunyar miyarta ce ta riƙa gasa mata jiki. Ban waiwaya na kalli gadon ba, don na san in na kalla ba zan iya fita ba.

Motoci a lokacin ba taya ba mai. Na yi zaman tasha har na gaji da zama kafin wata tsohuwar lori ta cika, tayoyinta duk ɗinki ne da faci. Muka bi ta Gushegu, muna tafiya muna sauka muna turi. A hawan dutsen Nakpanduri aka ce kowa ya sauka ya taka, na ɗora buhuna a ka yana ƙara kamar kayan makaɗa. A kan dutsen nan na tuna da tukunyar pito, na yi ta tsine wa bakina. Da na sa an wanke ta da toka an yi bisimilla, da yanzu ruwa na tafasa a gidana. Ina hawa ina kuka, wata mata a bayana tana ce mini sannu, ta ɗauka nauyin kaya ne.

Bawku garin surukaina ne, amma ban je gidansu ba. In je in ce me? Kun ba ni amanar matar ɗanku, na kasa dafa mata ruwa? Na ja mayafi na rufe fuska na ratsa kasuwa kamar ɓarauniya, na sauka wurin wasu mata masu albasa da ban taɓa gani ba.

Mai zubin wani dogon Bamoshe ne, hannayensa duk tabon ƙuna. Ya zazzage buhuna a ƙasa, ya riƙa ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya yana karta da ƙusa. Waɗansu ya jefa dama, waɗansu hagu.

"Wannan ba silba ba, Mma. Gwangwani ne an shafa fenti."

Tiren aurena yake nufi. Shekara da shekaru ina goge shi ina jingine shi inda baƙi za su gani. Na ce masa idonsa ne gwangwani. Bai ko ɗago ba, ya ɗora abin da ya zaɓa a sikeli, ya girgiza kai.

"Wannan zai yi tukunyan miya. In kina so babba na wanka, sai ki ƙara kamar wannan kuma."

Yana da tarin tsofaffin kayan injin mota da ake shigo masa da su ta kan iyaka a Kulungugu, amma na sayarwa ne, kuma ya san ba ni da inda zan je. Na yi ciniki, na yi roƙo, na ce masa 'yata ce take mutuwa. Ya ce kowa ya zo wurinsa da mai mutuwa yake zuwa a bana. Na koma kasuwa na cire 'yan kunnena na zinariya, waɗanda uwata ta sa mini da hannunta a Salaga, na miƙa wa wata mai canji. Ba su isa ba. Na kwance atamfar da na ƙunso don fita kunya in na yi karo da surukai, ita ma ta tafi. Abin da ya rage mini kuɗin motar komawa ne da zanin da ke jikina.

Na zauna a kan wani kututture ina kallo. Mai zubin da yaransa suka danne yashi mai laima a cikin akwatin katako, suka fitar da siffar tukunya, suka hura gawayi da zugazugi. Ya jefa babbar tukunyar kokona cikin kaskon narki. Ta ɗan tsaya kamar ba za ta yarda ba, sannan bakinta ya lanƙwashe ta zauna. Da ita na ciyar da yarinyar nan tun mutuwar ubanta. Butar marigayi mijina ta bi bayanta. Na kau da kai na ce hayaƙi ne ya shiga idona, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Da aka fasa yashin, sai ga rami a gefen tukunyar, babban yatsa zai shige. Wai iska ce ta maƙale. Sai an farfasa an sake narkewa, kuma gawayin ranar ya ƙare, sai gobe. Ban san lokacin da na cakumi rigarsa ba. Na ce masa in 'yata ta mutu kafin in koma, shi da Allah. Mutumin nan ya ƙyale ni har na sake shi don kaina, sannan ya ce, "Mma, je ki yi salla." Washegari ya fara da tawa kafin ta kowa, kuma ƙarfen da ya ƙone a zubin farko shi ya cika daga nasa. Ban ba shi haƙuri ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Ta fito fara tas tana ƙyalli. Kafin in gama murna sai na ga ya kwaɓa baƙin tukunya da laka yana shafe ta ciki da waje. Na yi kansa da masifa, ya ce, "In soja ya gani sabo a hanya, zai ce kalabule ne, ya karɓe." Kalabule shi ne cinikin ɓoye da ake kama mutane a kansa. Gaskiyarsa kuwa, a wani shinge soja ya hau lorinmu ya buga ta da gindin bindiga, ya tambayi mai ita. Na ce tawa ce, ta kakata ce, daga gidan makoki nake. Ya dubi dattinta ya dube ni, ya sauka.

Da hantsi muka shigo Yendi. Ban jira mai baro ba, na yi gammo na ɗora ta a ka. Tun daga bakin lungunmu na ga babu hayaƙi a gidana. Na tura ƙofa. Itace na nan yadda na bar shi. Murhu ya yi sanyi, kaji sun yi wanka a tokar. Na ɗaga labulen ɗaki: an naɗe tabarma an jingine, an share garwashin ƙarƙashin gado, babu ita, babu jariri, babu ko zanin goyo a kan igiya.

Na san yadda ɗaki yake zama in an fitar da gawa. Na fito tsakar gida, na fita ƙofa, na tsaya a tsakiyar lungu da tukunya a kaina, na buɗe baki na kira sunanta. Sunan da aka raɗa mata, wanda bai taɓa fitowa daga bakina ba. Na kira, na sake kira, ina juyawa gabas da yamma, har mata suka firfito da muciya a hannu.

Wata tsohuwa ta riƙe ni tana girgiza ni. "Tana asibiti! Tana da rai! Ki yi salati, baiwar Allah."

Ashe kwana ɗaya da tafiyata numfashinta ya ɗauke, maƙwabciyata ta sa aka ɗora ta a amalanke sai asibiti. Na kama hanya da gudu-gudu. Sai da mai gadin ƙofa ya tare ni ya ce ba a shiga da kaya, sannan na tuna da abin da ke kaina.

Na same ta a zaune a bakin gado tana ba yaron nono. Abin da na fara kallo ƙafafunta ne. Sun saɓe, idon sawu ya fito, har silifas ɗinta ya shige. Maƙwabciyata tana gefe tana ɓare mata lemo. Wata nas, 'yar kudu, gajeriya mai faɗa kamar ni, ta ji an ce ga uwar ta zo, ta taho ta tsaya a gabana da hannu a ƙugu. Da guntuwar Hausarta ta wanke ni tas. Wai zuciyar yarinyar ce ta gaji. Wai kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma suna ƙara wa zuciyar aiki, wai mata da yawa daga zango haka ake kawo su, wasu ba sa komawa. Ta ce daga yau ba kanwa, ba garwashi, ruwa mai ɗumi kawai.

"Da tukunya bai fashe ba, Maame, da ka kashe shi da hannunka."

Duk Yendi an san ba a faɗa mini magana in yi shiru. Ranar na yi. Zuciyata tana ta gardama, tana cewa ai haka aka yi wa uwata ta haifi tara, amma ga ƙafafun a gabana, kuma ba ruwana ne ya saɓar da su ba. Na tuna yadda nake ƙara itace ina jin daɗi, ina ganin gata nake yi mata. Sanyi ya kama ni a cikin wannan zafin rana, na zauna a ƙasa.

Tukunyar tana nan har yau. Ba ta taɓa dafa ruwan jego ba. Da aka sallamo su, a cikinta na koma dama koko, ɗan gari a can ƙasanta kamar an zuba wa kaza, ina miƙa hannu har kafaɗa kafin in kwaso, da aron ludayi. Mutanen tasha sun yi mini dariya har suka gaji. Daga baya ta zama tukunyar aron unguwa, kuma duk gidan makokin da aka kai ta, ni nake bin ta in tsaya a kanta da kaina.

Amma a ranar, da nas ta tafi, maƙwabciyata ta ɗauki yaron ta fita da shi waje, aka bar mu mu biyu. Labarin lungu ya riga ni isowa, don wata ta biyo ta gajeriyar hanya ta fesa musu. Yarinyar ta daɗe tana kallon kunnuwana da babu komai a jikinsu, da baƙin tukunyar da ya ɓata mini mayafi.

Ta ce, "Mma, an ce kin kira sunana."

Na ce, "Ƙarya suke yi."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, hawaye na ɗiga a kan zaninta. "Ban ji ba, Mma. Kowa ya ji, ban da ni."

Na dubi ƙofa, babu kowa. Na jawo ƙafarta na ɗora a cinyata, na danna yatsa a ƙaurin, naman ya taso ya koma daidai. Sannan na faɗa mata shi, a hankali, sau ɗaya.